Gaisuwar Da Manjo Badaru Ya Riƙe A Baki

Akwai wani tsohon soja, Manjo Badaru, wanda har yau in aka ambaci sunansa a majalisar mutanenmu da ke unguwar Jurf a Madina, sai ka ga an ajiye kofunan shayi. A can na ji labarinsa, kafin in dawo gida.

Manjo ya yi aikin soja har furfura ta fito masa. Ya shiga daji, ya je ƙasashen waje aikin kwantar da tarzoma, ya dawo da tabo a haɓa da zuciyar da ba ta san ja da baya ba.

Da ya yi ritaya ya koma garinsu, sai ya tarar 'yan bindiga sun hana kowa sakat. An daina noma gonakin nesa, kasuwa kuma kafin la'asar ta watse. Dattawa suka same shi har gida, suka ce ya fito takarar ciyaman na ƙaramar hukuma. Ya fito, ya ci, kuma ba maguɗi. Mata da goyo suka tsaya a rana suka jefa masa ƙuri'a.

Ya kafa 'yan sintiri, ya saya musu babura, shi da kansa yake horar da su a filin makaranta. Gaskiya dai a faɗe ta: hanya ta buɗe, kasuwa ta dawo, mutane suka koma gona.

Sai dai tsarinsa ɗaya ne. Duk wanda aka nuna aka ce yana kai wa 'yan daji labari, a ɗaure masa hannu ta baya da shuɗiyar igiyar roba, irin ta ɗaure kaya a babur, a jefa shi bayan mota. Wasu sukan dawo. Wasu ba sa dawowa, kuma ba mai tambaya.

Cikin waɗanda ba su dawo ba akwai Saifuddeen, mai cajin waya a bakin tasha, ɗan wata dattijuwa mai suna Kaltuma. An ce wayoyin 'yan daji yake yi wa caji. Daga baya Manjo ya gano cewa wanda ya nuna yaron rigimar iyakar gona ce tsakaninsu. Ya gano, ya haɗiye, ya ci gaba da aiki.

Ana nan zaɓe na biyu ya ƙarato. 'Yarsa Lauratu, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti a Madina, ta matsa masa ya zo Umara ya huta kafin a shiga hayaniyar kamfen. Ya amsa.

To kun san al'adarmu. In mutum zai tafi Madina, ba a barinsa ya tafi haka nan. Kowa zai zo ya ɗora masa amanar gaisuwa: in ka tsaya gaban kabarin Ma'aiki, ka ce wane ɗan wane yana gaisuwa. Ranar sallama zauren Manjo ya cika. Limami ya ba da tasa, sarkin kasuwa ya ba da tasa, 'yan siyasa suna ta ture juna. Manjo yana zaune yana gyaɗa kai, yana cewa, "Na riƙe. Kan soja ne, ba ya zubar da saƙo."

Sai ga Kaltuma. Ba wanda ya ga shigowarta, sai dai aka gan ta tsaye a tsakiyar maza. Ba ta durƙusa ba.

"Ranka ya daɗe, ni ma da nawa saƙon."

"Faɗi, Iya."

"In ka tsaya a wurin, ka ce uwar yaron nan tana gaisuwa. Ka faɗi sunansa."

"Wane yaro?"

"Ɗan farina ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kiran sunansa ba, ba yau zan fara ba. Kai ka san sunan. Kai ka kira shi da lasifika a bakin tasha ranar da kuka tafi da shi." Ta gyara mayafinta. "Ba a yi masa wanka ba, ba a yi masa salla ba. To a ambace shi a can, ko sau ɗaya ne. Ka karɓa?"

Manjo ya dubi limami, limami ya dubi tabarma. Ga jama'a, ga masu ɗaukar hoto da waya, ga zaɓe a gaba.

"Na karɓa."

"Amana ce fa."

"Na ce na karɓa, Iya."

Ya sa a ba ta buhun shinkafa. Ta wuce buhun kamar ba ta gan shi ba.

A Madina, surukinsa Abdulfattah ne ya tarbe shi. Injiniya ne, haifaffen garin, jikan mutanen da suka zo da ƙafa tun zamanin da. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci. "Ya ammi" yake kiran Manjo, wato Baba, kuma duk abin da Manjo ya ce sai ya amsa da "kalas, an gama."

Washegari kafin la'asar ya kai shi Masallacin Annabi. Suka bi layin masu gaisuwa ta ƙofar Babus Salam. Layin nan ba a tsayawa, ana tafiya ne a hankali, kafaɗa da kafaɗa, kowa ya sassauta murya, askarawa masu gadi suna cewa, "Yalla ya hajji, yalla," wato a yi gaba.

Manjo ya iso. Ya yi tasa gaisuwar. Ya isar da ta limami, ya isar da ta sarkin kasuwa, har ta direbansa bai manta ba. Sai ya zo kan ta Kaltuma.

Sunan ya hau harshensa. Ya ji nauyinsa. Ya dubi ƙarafan da suka kewaye kabarin a gabansa, sai ya ji ba zai iya ajiye wannan suna a wannan wuri ba. Ya yi abin da mutane da yawa suke yi in saƙo ya yi musu yawa.

"Da duk waɗanda suka aiko da gaisuwa," in ji shi.

Ya ce a ransa, ai tana ciki. Layi ya tura shi waje.

Da aka idar da la'asar, aka yi kiran sallar gawa, kamar yadda ake yi kusan bayan kowace salla a masallacin nan. Aka sallata, aka fito da makara ana sauri da ita zuwa maƙabartar Baƙi'a da ke gefen masallaci.

Wanda ya taɓa zama Madina ya san yadda ake ɗaukar gawa a can. Ba a tambayar ta wace ce. Kowa ya sa kafaɗa ya yi 'yan taku kaɗan, na baya ya karɓe shi, haka har a isa. Lada ce ake rabawa. Manjo ya ga makara ta biyo ta gabansa, ya ce bari shi ma ya samu. Ya sa kafaɗa.

Ya yi taku kaɗan, ya jira a karɓe shi. Ba a karɓa ba.

Ya ƙara tafiya. Makarar tana ƙara nauyi, kamar duk sauran masu ɗauka sun janye sun bar masa. Rana tana dukan farin dutsen farfajiya har ido ba ya buɗuwa sosai. Ga dubban mutane, amma ya daina jin motsin kowa. Takunsa kawai yake ji.

Sai wani abu ya fara gogar wuyansa.

Ya karkata ido. Daga ƙarƙashin mayafin da aka rufe gawar, igiya ce ta leƙo tana lilo. Shuɗiya, ta roba, bakinta a ƙone da ashana yadda yaransa suke yi don kada ta warware.

Sannan ya ji murya dab da kunnensa, da Hausar garinsu, a hankali, ba fushi a cikinta.

"Ranka ya daɗe, a ɗan sassauta min igiyar nan. Tana cin hannuna."

Ya san maganar. Ya taɓa jin ta daga bayan mota ranar da suka tafi da ɗan Kaltuma, ya ƙara ƙarar rediyo.

Ya waiga da ƙyar. Wani tsoho Baturke ne a bayansa yana salati, sai 'yan Indunusiya guda biyu. Ba baƙar fata ko ɗaya.

A bakin ƙofar Baƙi'a nauyin ya ɗauke gaba ɗaya, Manjo ya zube a gwiwa. Abdulfattah ya kamo shi yana haki.

"Ya ammi, lafiya? Me ya sa ka yi haka?"

"Sun ƙi su karɓe ni," in ji Manjo. "Sun bar ni da ita."

"Wallahi a'a. Tun daga can mutane ke taɓa kafaɗarka su karɓa. Ni ma na ja rigarka. Kai ne ka ƙi saki."

Da suka koma Jurf, Lauratu ta ga wani jan layi a wuyansa, siriri, kamar an ja igiya a wurin. Ta ce gefen makara ne ya gurje shi, ta shafa masa magani.

Aka kawo abinci. Ana ci, ya miƙa hannu wajen surukinsa.

"Saifuddeen, miƙo min ruwan nan."

Abdulfattah ya waiga bayansa, ya dawo da kallonsa. "Wa, ya ammi?"

"Na ce Abdulfattah."

"Ba haka ka ce ba, Baba," in ji Lauratu.

"Gajiya ce."

Ba gajiya ba ce. Washegari jikarsa Mimi ta rugo ta faɗa jikinsa, ya buɗe baki zai kira ta, sunan nan ya fito. Yarinyar ta ja baya ta ɓuya bayan uwarta. Ya shiga kanti sayen turare, zai kira mai kanti, sunan ya fito. Sakatarensa ya bugo daga gida kan maganar fastoci, Manjo ya ɗauka ya ce, "Saifuddeen, ina jin ka." Can ɓangaren aka kashe wayar.

Sunan da ya hana fita a wuri ɗaya, ga shi yana fita a ko'ina.

Lauratu ta gwada jininsa, ta gwada suga, ta kai shi wurin wani likita abokin aikinta aka duba kansa. Aka ce lafiyarsa ƙalau, ya fi masu shekarunsa ƙarfi. Manjo ya daina zuwa Masallacin Annabi. Ya ce gwiwa ke damunsa, ya koma salla a masallacin unguwa. Ya kuma daina kiran kowa da suna, sai dai "kai" da "ke".

Ran nan Abdulfattah ya ce a fita a sha iska. Ya kai su gonar dabinon wani abokinsa a Awali, irin masu doguwar katanga. Aka shimfiɗa darduma a inuwa, aka kawo gahawa, injin ban ruwa yana ta bugawa, ruwa yana bin kwalbati tsakanin itatuwa. Abdulfattah ya ja Mimi suka tafi kallon masu hawan dabino. Aka bar uba da 'ya.

"Baba, na kira gida," in ji Lauratu. "An gaya min abin da ya faru a zaure ranar sallama."

"An gaya miki kuma gawa nawa na kwashe a hanyar kasuwa kafin in kafa yaran nan? An gaya miki 'yan matan da aka sace a rijiya? Kina nan cikin sanyin na'ura, kina ba Larabawa ƙwaya. Garin da kika baro, ni na tsare shi."

"Ban ce ba ka yi aiki ba."

"To me kike cewa?"

"Saƙo aka ba ka. Ka isar?"

"Na haɗa da na kowa."

"Na direbanka ma haɗawa ka yi?"

Manjo ya ajiye kofin gahawa da ƙarfi. "Lauratu, ni ubanki ne."

"Shi ya sa nake tambaya. Kalma ɗaya ce, Baba. Gobe da safe Abdulfattah ya mayar da kai, ka faɗa, ka fito."

Manjo ya juya ya dubi ruwan da ke wucewa. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"In na faɗi sunan nan a wurin, aka tambaye ni ina yake, me zan ce?"

"Wa zai tambaye ka?"

Daidai nan injin ban ruwa ya tsaya. Kurciyoyin da ke kuka a sama suka yi shiru tare. Ba iska, amma ganyen dabinon da ke bisa kansu ya motsa, shi kaɗai a duk gonar. Lauratu ta dubi ubanta, ta ga ya kai hannu wuyansa yana shafa layin nan.

"Tashi mu tafi," in ji shi. "Jibi zan wuce Makka. In na yi Umara, Allah Ya yafe kowa da kowa."

"Baba, haƙƙin mutum..."

"Na ce mu tafi."

Ranar tafiya Abdulfattah ya ɗauke shi a mota zuwa Bi'ir Ali, masallacin da masu zuwa Makka daga Madina suke ɗaura harami. Wurin cike yake da manyan motoci, direbobi suna kiran fasinjojinsu, mutane suna fitowa daga wanka cikin fararen mayafai, ba riga, ba hula. Manjo ya yi wanka, ya ɗaura nasa, ya ba surukinsa waya da agogo ya riƙe masa. Ya yi nafila. Da ya fito ya hango kansa a gilashin wata mota, ya yi saurin kau da kai. Bai taɓa lura da yadda harami yake kama da likkafani ba sai ranar.

Saura niyya. Ko'ina ka juya Labbaika ce ke tashi, da harsuna iri-iri. Manjo ya fuskanci alƙibla, ya cika ƙirjinsa da iska, ya buɗe baki zai amsa kiran Ubangijinsa.

"Saifuddeen."

Ya rufe baki. Ya yi a'uziyya a zuci, ya sake.

"Saifuddeen."

Ya kama haɓarsa da hannu kamar zai gyara harshen, ya sake gwadawa, ya sake. Yaro ƙarami a gefensa yana rera Labbaika ba tuntuɓe, shi kuwa Manjo, mai bai wa bataliya umarni, ya kasa haɗa kalma ɗaya.

Wayar da ke hannun Abdulfattah ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙo. "Lambar Najeriya ce, ya ammi. Tun ɗazu take kira."

Manjo ya kara a kunne, bai yi magana ba.

"Ranka ya daɗe, Ashafa ne, ƙanin Kaltuma." Muryar dattijo ce, a dushe. "Yayata ta rasu yau da asuba."

Manjo ya jingina da jikin mota.

"An yi mata wanka, an yi mata sutura. Tana nan a ƙofar gida, jama'a sun taru tun safe, rana tana yi. Amma ta rantsar da ni kafin ta cika. Ta ce kada a kai ta maƙabarta, a kwantar da ita kusa da ɗanta. Na ce Yaya, ina za mu san wurin? Ta ce a tambaye ka. Ta ce zuwa yanzu ka riga ka faɗi sunansa a gaban Ma'aiki, wanda kuwa ya yi haka ba zai yi wa gawa ƙarya ba."

Ashafa ya ci gaba.

"Na buɗe wayar kowa yana ji, ranka ya daɗe. Limami na nan, hakimi na nan. Masu haƙa suna tsaye da diga. Ina za mu nufa?"

Manjo ya san abin da ke gabansa. Zai iya cewa bai sani ba. Zai iya kashe wayar ya ce layi ne ya yanke. In kuwa ya amsa, ba sauran zaɓe, ba sauran kujera, wataƙila ba sauran kwana a gidansa. Ya dubi fararen mutanen da ke ta shiga motoci suna amsa kira, ya dubi nasa farin mayafin.

Ya buɗe baki, yana tsoron abin da zai fito. Sai magana ta fito daidai.

"Ku bi hanyar tsohuwar madatsar ruwa. In kun wuce inda ake ɗiban yashi, akwai kwazazzabo a hannun hagu, da tsamiya a bakinsa. A gindinta ne, ɓangaren gabas." Sannan ya ƙara da cewa, "Malam Ashafa, ku haƙa a hankali. Ba shi kaɗai ba ne a wurin."

Aka ji salati ya tashi a wayar.

Can daga nesa, daga inda mata suke tsaye, wata murya ta ɗago.

"Ku tambaye shi, nawa ɗan yana ciki?"

Sai wata. Sai kuma wata.

Manjo Badaru ya zame ya zauna a gefen titi, cikin haraminsa, motocin Makka suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna barinsa. Yana riƙe da waya, yana kiran sunaye, kowanne da sunan uwarsa da unguwarsu. Ashe bai manta ko ɗaya ba.

Bai je Makka ranar ba. Da la'asar Abdulfattah ya mayar da shi Babus Salam, ya bi layi, ya tsaya, ya ce uwar Saifuddeen tana gaisuwa.

A daidai lokacin, can gida, ana zuba mata ƙasa.

Darasi: Aikin alherin da ka yi wa dubu ba ya goge haƙƙin mutum ɗaya da ka danne, kuma ba a tsallake mai haƙƙi a tafi neman yafiya wurin Allah. In ka ce "na karɓa", ka isar da amana yadda aka ba ka, tun mai ita yana da ran da zai ji. Ka tura wannan ga duk wanda ka san an damƙa wa rayukan mutane a hannu, soja ne ko ɗan sintiri ko mai kujera, ko Allah zai sa ya tuna da wani suna tun lokaci bai ƙure masa ba.